Daga turke zuwa cika-ciki: Yadda ragon layya ke zaga dangi a ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa, ragon layya ba ya ƙarewa ranar da aka yanka shi. Kayan ciki ake ci ranar Sallah, washegari cinya ta tafi gidan surukai, soyayyen nama ya shiga tukunya ya yi makonni, wutsiya kuwa a ɓoye ta har sai sabuwar shekarar Musulunci ta kama.

Wata guda ke nan, daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Muharram, dabba ɗaya tana shiga gida-gida. Duk inda yankan nama ya je, ya tafi da saƙon cewa ba a manta da mutanen gidan ba.

Sai dai tsadar dabbobi da rashin tsaro a hanyoyi da kuma yadda iyalai suka warwatsu cikin birane sun fara taɓa wannan tsari. Abin da ake fargabar rasawa ya wuce nama, domin a kan naman ne aka ɗora gaisuwa da ziyara da sulhu tsakanin ’yan’uwa.

Tun daga turke

A gidajen da suka riƙe al’ada, shirin Babbar Sallah yakan fara ne tun watanni kafin ta zo. Magidanci ya sayi ɗan rago da arha, a ɗaure shi a turke, a riƙa ba shi dusa da harawa da ƙaiƙayi da kanwa. A karkara mata ne suka fi yin wannan kiwo, kuma ga da yawansu shi ne asusu: ta sayar da ragonta gab da Sallah, ta sayi kayan ɗakin ’yarta ko ta sake sayen ƙanana biyu.

Yaran gida su ne masu yankan ciyawa da wanke rago. Kafin ranar yanka sun saba da shi, wasu har suna sukan raɗa masa, shi ya sa ba a rasa yaron da zai ɓuya a ɗaki yana hawaye idan aka kayar da shi.

Mutanen birni kuwa kasuwa suke jira. Manyan kasuwannin dabbobi irin su Maigatari a Jigawa da Mai’aduwa a Katsina da Illela a Sakkwato da Potiskum a Yobe da Wudil a Kano su ne ke ciyar da ƙananan turakun da ke tsirowa a bakin tituna idan watan Zulhajji ya tsaya. Uku na farko suna kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma kaso mai yawa na raguna masu girma, irin su balami da uda, ta can suke shigowa.

Mai saye ba girma kaɗai yake dubawa ba. Zai buɗe baki ya ga haƙori, ya duba ido, ya sa a ja ragon ya ga tafiyarsa, saboda mai ido ɗaya da gurgu da marar lafiya da ramamme ba sa isar wa layya.

Jajibere da safiyar Idi

Ranar jajibere, wato 9 ga wata, mutane da yawa na ɗauke da azumin Arfa, amma gida ba ya hutawa. Ana share tsakar gida, ana wasa wuƙaƙe, ana tanadar itace ko gawayi da man gyaɗa da manyan tukwane. ’Yan mata suna gidan kitso da lalle, samari suna zaune a shagon tela har tsakar dare suna jiran alƙawarin da aka ɗaga sau uku.

A al’adar da aka gada, sababbin kaya sun fi yawa a Ƙaramar Sallah. Babba ta rago ce, don haka magidanta da dama kan ce wa yara su maimaita na wancan karo.

Da safe a tafi Idi. Mafi yawan mutanen wannan yanki suna bin mazhabar Malikiyya, wadda ta ce ba a yanka sai liman ya yanka tasa. Wannan ne dalilin da ya sa ake kai ragon liman filin Idi, ya yanka a gaban jama’a, sannan kowa ya nufi gida da sauri.

Wanda ya iya yakan yanka da hannunsa. Wanda bai iya ba ya kira malamin unguwa, wanda a ranar yakan bi gida-gida da wuƙarsa, yara na biye da shi. Daga nan sai mahauta su karɓa, kuma ranar kasuwarsu ce: fiɗar rago ɗaya takan ninka kuɗinta na sauran ranaku.

A gidaje da yawa ba a taɓa gangar jikin ragon a ranar farko. Ana rataye shi ya kwana, jini ya tsane, iska ta buge shi. Abin da ake ci shi ne hanta da ƙoda da tumbi da hanji, a soya ko a yi farfesu, a haɗa da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso. Hantar farko ta maigida ce da tsofaffin gida, musamman wanda ya ƙi cin komai tun asuba yana jiran ya fara da naman layyarsa.

A Yamai da wasu garuruwan Nijar salon daban ne. Ana banƙare ragon gaba ɗaya a kan sanduna, a jera raguna na maƙwabta kewaye da wutar itace a ƙofar gida, su yini suna gasuwa a hankali. Rabo sai washegari.

Kowane yanki da mai shi

Rana ta biyu ita ce ranar daddatsawa da rabo, kuma a nan ne ake gane zurfin al’adar.

Abin da malamai ke karantarwa shi ne mai layya ya ci, ya yi kyauta, ya yi sadaka, kuma kada ya sayar da komai daga jikinta, har fata. Wasu kan kasa naman kashi uku saboda haka. Al’ada kuma ta zo ta ƙara nata tsarin a kai.

Cinya ko ƙafar gaba sukutum takan tafi wurin iyaye idan ba gida ɗaya ake ba. Wata cinyar ta surukai ce, kuma sabon ango ya fi kowa sanin nauyin wannan, domin Sallar farko bayan aure ana lura da abin da ya aiko. Saurayin da aka sa wa rana ma yakan haɗa nasa cikin toshin Sallah. A wurare da dama wuya na malamin da ya yanka ne. Gwaggo da inna da kawu da baffa kowa da ƙullinsa, haka maƙwabta, haka almajirin gida da mai kawo ruwa da tsohuwar da ke taya aiki.

Uwargida ce ke riƙe da wannan lissafi a kanta. Ta san wanda aka manta bara har ya yi ƙorafi, ta san gidan da aka yi rasuwa babu mai yanka musu, ta san maƙwabciyar da ba za ta taɓa roƙo ba ko da yaranta sun kwana suna shaƙar ƙamshin suyar wasu. Irin wannan gidan akan aika masa da wuri, kuma a rufe kwanon da kyau.

Yara ne ’yan aike. Yarinya ta yi sallama ta durƙusa ta ce, “Wai in ji Umma a kawo, tana yi muku barka da Sallah.” A amsa mata, “Madalla, an gode. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana.” Ba a cika mayar da kwano haka nan ba, ko ɗan cincin ne ko alawa ko ’yan kuɗi sai an saka.

Ta wannan hanya yaro ke sanin danginsa. Wanda aka aika gidan ƙanwar kakarsa sau biyar a shekara biyar ba zai wuce ta a hanya bai gaishe ta ba. Hausawa dai sun ce zumunci a ƙafa yake.

Rabon yakan zama hanyar sulhu. ’Yan’uwan da suka yi watanni ba sa magana saboda gado ko wata ’yar tsama, idan ƙullin nama ya fito daga gidan ɗaya ya shiga na ɗayan kuma aka karɓa, kowa ya san an sauko. Idan aka dawo da shi kuwa, magana ta kai gaban manya.

A garuruwan da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kamar Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano da Zariya, naman yakan tsallaka har gidajen maƙwabta Kirista, su ma su rama da abinci idan Kirsimeti ta zo. Inda rikici ya raba unguwanni, wannan musaya na cikin abubuwan da suka fara raguwa.

Fata ma tana da nata hanyar. A da akan jeme ta a yi buzun salla, wanda dattijo zai yi shekaru yana zama a kai. Yanzu ƙungiyoyin addini da makarantun Islamiyya da masallatai ne ke bi suna tarawa. Ƙungiyar Izala ta yi fice a wannan, inda take tattara fatun layya a faɗin ƙasa duk shekara, ta sayar ta yi ayyukanta da kuɗin.

Kwana uku a bakin murhu

Idan maza sun gama nasu a awa biyu ko uku, na mata yanzu ya fara. Wanke hanji da tumbi kaɗai yakan ci rabin yini. Sai babbakar kai da ƙafafu, wadda ƙaurinta ke cika unguwa, a kankare, a fasa, a ɗora langaɓu. Sai tafasa, sai suya.

Suyar layya ba irin ta kullum ba ce. Ana tafasa naman da gishiri da albasa da citta da kanumfari, sannan a soya shi cikin kitsensa ko man gyaɗa har ruwan jikinsa ya ƙone ƙaf. Naman da aka yi wa haka yakan yi makonni bai lalace ba. Dabarar ta samo asali ne tun kafin a san firji, kuma rashin tsayayyar wutar lantarki ya sa har yau ba a bar ta ba. Mai firji ma yakan soya, don ya san wuta na iya ɗaukewa kwana biyu.

Wani kason a daka shi a yi dambun nama, wanda ya fi daɗewa kuma ya fi sauƙin aikawa ɗalibi a makarantar kwana ko ɗa da ke aiki a Legas. Wani a shanya. Kitsen da ya rage a zuba a kwano ya daskare, a riƙa ɗiba ana sa wa miya da dafa-duka.

Daga nan sai tukunyar ta shige ɗakin uwargida, sau da yawa ƙarƙashin gado ko cikin kabad mai makulli. Kusan kowane Bahaushe yana da labarin yadda shi ko ɗan’uwansa ya san inda ake ɓoye makullin. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, rabon soyayyen nama tsakanin ɗakuna abu ne da maigida mai hankali ke tsayawa a kai da kansa, don ƙaramin bambanci na iya zama maganar shekara.

Yawon Sallah da hawa

Yayin da manya ke fama da nama, yara suna kan hanya. Su yi ayari, babba ya riƙe hannun ƙarami, su bi gidajen dangi suna karɓar barka da Sallah. Da yamma a zauna a ƙirga, a ba uwa ajiya, ajiyar da ba kasafai take dawowa ba.

A garuruwan sarauta, yawon yakan haɗu da kallon hawa. A Kano, bayan hawan Idi akwai Hawan Daushe, inda Sarki ke zuwa gaishe da mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, sai Hawan Nassarawa da ake kai gaisuwa gidan gwamnati, sannan Hawan Fanisau a Babbar Sallah ko Hawan Ɗorayi a Ƙarama. Katsina da Zazzau da Daura da Haɗeja da Bauchi duk suna da nasu.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al’adun da duniya ta gada. Amma a daidai wannan lokaci ne birnin ya shiga yin Sallah babu hawa, bayan da ’yan sanda suka hana shi a Babbar Sallar 2024 da kuma a 2025, bisa dalilan tsaro da ke da alaƙa da taƙaddamar sarautar da ta ɓarke a watan Mayun 2024. Masu ɗinkin kayan doki da masu hayar dawaki da ’yan tallan da ke cin kasuwar kwanakin su ne suka fara ji a jikinsu, sai iyalan da suka saba zuwa daga ƙauyuka su sauka gidan dangi don kallo.

Lokacin da rago ya fi ƙarfin albashi

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ɗauko dabba daga kasuwar kan iyaka zuwa birni ya tashi, haka kuɗin dusa da harawa. A watan Yunin 2024, watan da aka yi Babbar Sallah, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne, alhali ragon da za a kira matsakaici a birane ya wuce haka nesa.

Akwai kuma matsalar samuwar dabbobin. Satar shanu da hare-haren ’yan bindiga sun raba makiyaya da manoma da yawa da garkensu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu sassan Kaduna da Neja. A 2021 har sai da gwamnatocin wasu daga cikin jihohin suka rufe kasuwannin mako tare da hana safarar dabbobi na wani lokaci. Juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka na watanni, sannan gabanin Babbar Sallar 2025 hukumomin ƙasar suka hana fitar da dabbobi waje don farashi ya sauka a cikin gida.

Mafitar da mutane da yawa suka koma ita ce watanda: abokan aiki ko ’yan unguwa ko ’yan masallaci ɗaya su haɗa kuɗi, wasu tun watanni suna zubi, a sayi sa a yanka a kasa. Malamai sun yi bayani mabambanta a kan matsayinta. Wasu mazhabobi sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa ko raƙumi da niyyar layya, Malikiyya kuwa ba ta yarda a yi tarayya a kuɗin sayen dabbar layya ba. Abin da kusan kowa ya haɗu a kai shi ne layya ta mai hali ce, ba a ɗora wa wanda ba shi da shi.

Duk da haka, kunyar ido na sa wasu magidanta cin bashi. Mutumin da ya shekara ashirin yana yanka, yaransa sun saba ganin rago a ƙofar gida, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ya wayi gari babu. Wasu kan sauko zuwa tunkiya ko akuya, wasu su sayi kilo biyu ko uku a kasuwa don dai tukunya ta yi ƙamshi.

Idan nama ya ragu, jerin masu karɓa ne ke fara gajarta. Watanda ba ta da cinyar da za a kai gidan surukai sukutum. Wanda ya saba aika wa gida ashirin sai ya koma biyar, kuma waɗanda ake fara cirewa su ne na nesa da marasa murya, wato su ne dai waɗanda aka fi yin rabon dominsu.

Tafiya gida Sallah ma ta zama abin lissafi. Kuɗin mota ga mai iyali daga Abuja ko Legas ko Fatakwal yakan kai kuɗin ƙaramar dabba, ga fargabar wasu hanyoyi. Sai mutum ya tura kuɗi ta waya a yanka masa a gida, a turo masa hoton ragon ta WhatsApp. Iyaye sun ci nama, amma jikoki ba su ga kakanni ba.

Wutsiya da daren cika-ciki

A cikin duk wannan hidima akwai yanki ɗaya da tsofaffin mata ba sa bari a taɓa. Wutsiyar ragon, a wasu gidajen har da wani ɓangare na kai ko ƙafa, akan sa mata gishiri a busar ko a soya ta ƙarau, a rataye ko a ɓoye.

Ranarta ita ce cika-ciki, a kwanakin Tasu’a da Ashura, 9 da 10 ga Muharram. Hausawa ma da sunan suke kiran watan gaba ɗaya, kamar yadda suke kiran Rajab watan azumin tsofaffi, Sha’aban kuma watan sha ruwan tsofaffi. Manya sukan yi azumi, da dare kuma a yi tuwo mai yawa, a jefa wutsiyar cikin miya, wanda ke da hali ya ƙara da kaza. Kowa sai ya ci ya ƙoshi, a aika wa maƙwabta, a ba almajirai. Akan tsoratar da yara cewa wanda bai ƙoshi a daren ba haka zai ƙare shekarar.

Malamai da dama sun sha bayyana cewa azumin ne ke da asali a addini, ajiyar wutsiya da cika ciki al’ada ce kawai. Amma ma’anarta a fili take: albarkar shekarar da ta wuce ta tsallaka cikin sabuwa, kuma gidan da ya iya ajiye nama wata guda gida ne da ya san tattali.

A watan ne kuma ake wasan shara. Taubasai, wato ɗan gwaggo da ɗan kawu, su tare juna ana bin kuɗin shara, jikoki su tasa kakanni gaba da tsokana. Wasan ya wuce cikin gida, ya haɗa Fulani da Barebari, Kanawa da Zage-zagi, Gobirawa da Yarabawa. A Nijar an ɗauki irin wannan wasa da muhimmancin da har UNESCO ta sanya shi cikin jerin al’adun duniya a 2014.

Yau a birane, yara da yawa ba su san taubasansu ba balle su bi su kuɗin shara, kuma wutsiyar kan shige tukunyar suya tare da sauran nama tun rana ta biyu.

Abin da ya rage a hannu

Ba komai ne ya tafi ba. A unguwanni da dama matasa sun fara haɗa kai suna bi gida-gida suna karɓar nama daga masu layya, su kai gidajen marayu da asibitoci da sansanonin ’yan gudun hijira. Wasu zuri’o’in sun mayar da kwana na uku ko na huɗu ranar taron dangi, kowa ya zo da abin da ya samu a ci tare, a nuna wa yara juna. Wasu ’yan’uwa kan haɗa kuɗi su saya wa mahaifinsu rago ɗaya a yanka a babban gida, maimakon kowa ya wahala shi kaɗai.

Farashin rago ba ya hannun magidanci, haka tsaron hanya. Abin da ke hannunsa shi ne jerin sunayen nan da uwargida ke riƙewa, da yaron da za a ɗora wa kwano a ce ya je ya gaishe da Gwaggo. Ko tsoka uku ce a ciki, tsohuwar za ta karɓa ta sa albarka, ta tambayi sunan yaron da ajin da yake a makaranta.